Fashin Baƙi: Me Ya Sa Hulɗa Da Kamfanonin Samar Da Ma'aikata Ba Ta Yin Ƙarko A Legas?

Tun da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu harkoki a Legas, har da 'yan kasuwarmu na Agege, Mile 12, Apapa da Idi-Araba da suka fara ɗaukar masu gadi, direbobi da masu shara ta hannun kamfani. Mai kasuwanci yana cewa kamfanin da ke kawo masa ma'aikata ya cika kwaɗayi, kullum sai ya turo takardar ƙarin kuɗi. Kamfanin yana rantsuwa da asara yake aiki. Shi kuwa maigadin da ke tsaye a bakin get bai ga ƙarin ba, bai kuma san wa zai kai wa kuka ba, ogan da yake buɗe wa ƙofa kowace safiya ko ofishin da sunansa ke rubuce a rigarsa. Ƙarshenta a soke kwangila, a nemo wani kamfanin, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya.

Me ya sa wannan hulɗa take saurin lalacewa? Kuma a wuraren da ta daɗe, me ke riƙe da ita?

Wa ke yi wa wa aiki?

Mutum uku ne a cikin tsarin. Akwai mai wurin aiki, banki ne ko masana'anta ko mai sito ko mai motocin dako. Akwai kamfanin samar da ma'aikata, wanda shi ne yake ɗaukar mutane, ya ba su takardar aiki, ya biya su albashi. Sai ma'aikacin, wanda a takarda ɗan kamfanin ne, amma guminsa a wurin mai sito yake zuba. Shi ne ake kira ma'aikacin kwantiragi.

Kamfanonin ba aiki iri ɗaya suke yi ba. Wani nemo maka mutum kawai zai yi, ka biya shi la'ada, ku rabu. Wani ma'aikatan naka ne, amma shi yake riƙe maka lissafin albashi, haraji da fansho. Na uku shi ne mai kawo mutanen su zauna a wurinka alhali suna ƙarƙashinsa, kuma a nan yawancin rigimar take.

Ya kamata a raba waɗannan da ejan na bakin titi, mai manna takarda a jikin gada a Oshodi ko Ojota yana neman ma'aikata cikin gaggawa. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, kaɗai ba ta ba kamfani ikon yin wannan sana'a ba. Dokar Ƙwadago ta ce sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Idan kamfanin gadi ne, akwai wata dokar ta 1986 da ta shafi kamfanonin tsaro masu zaman kansu, kuma hukumar sibil difens ce ke sa musu ido. Kamfanonin samar da ma'aikata masu lasisi suna da ƙungiyarsu mai suna HuCaPAN. Wanda bai tambayi waɗannan takardu ba kafin ya sa hannu, tun daga ranar farko ya fara hulɗar da ba za ta je ko'ina ba.

Daga ina abin ya taso?

Tsarin ya yi ƙarfi ne bayan matakan tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, lokacin da masana'antu suka shiga rage cikakkun ma'aikata suna maye gurbinsu da na wucin gadi. Kamfanonin mai sun riga kowa nisa a ciki. Bankuna suka bi sahu, musamman bayan haɗewar da aka yi a zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo, wadda ta mayar da bankuna 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Yau idan ka shiga banki a Ikeja ko Marina, akwai yiwuwar wadda ta ƙirga maka kuɗi, da direban manaja, da wanda ya duba ka a ƙofa, babu ɗaya daga cikinsu da bankin ya ɗauka da kansa.

Ga Bahaushe kuwa, samun ma'aikaci ta hannun wani ba baƙon abu ba ne. Tun zamanin fataucin goro da shanu, baƙo yana sauka ne a zango a hannun maigida ko fatoma, shi zai tsaya masa, shi zai haɗa shi da wanda zai yi wa aiki, idan kuma ya yi ɓarna shi za a nema. Har gobe a Agege, mai neman maigadi yakan je wurin sarki ko shugaban kasuwa ya ce a ba shi yaro mai amana. Bambancin shi ne a can mutunci ne jingina, a nan takarda ce. Kuma maigidan zango ba ya biyan fansho, ba ya biyan inshora, ba wata hukuma da ke bin sa haraji. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun shiga sabon tsarin da lissafin tsohon, shi ya sa farashin kamfani yake yi musu kama da zalunci.

Lissafin da kowa ke gudu

A nan gizo ke saƙa. A ƙaddara kamfani zai biya maigadi naira 70,000 cif. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8. Idan aka lissafa a kan dukkan albashin, kamfanin zai ƙara naira 7,000 daga aljihunsa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, kashi 1, wato 700. Asusun horar da ma'aikata na ITF shi ma kashi 1 ne, wata 700. An kai 78,400 ke nan. Ba a sa inshorar rai ba, wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Ba a sa inshorar lafiya ba, wadda dokar 2022 ta wajabta. Ba a ɗinka masa yunifom ba, ba a biya mai canjinsa ranar hutu ba, ba a biya sufabaiza mai zagayawa da dare ba, ba a biya hayar ofis ba, kamfanin bai ci ko kwabo ba, ga harajin VAT na kashi 7.5 yana jira.

To idan wani ya zo ya ce zai ba ka maigadi a kan naira 80,000 a wata, komai da komai, ba sai an yi dogon bincike ba. Ko dai albashin yaron bai kai 70,000 ba, ko ba a zuba masa fansho, ko yana kwana yana wuni a bakin aiki babu mai canjinsa. Sau da yawa ma duka ukun ne. Araha ba ta ado, kuma a wannan harkar ba mai saye ne yake fara jin jiki ba, yaron da ke bakin get ne.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, tilascin fansho kuma daga mutum 15 yake farawa. Mai sito da yara shida, da shi ya ɗauke su da kansa, waɗannan dokoki biyu ba su kama shi ba. Amma kamfanin da ke da ɗaruruwan ma'aikata a warwatse cikin Legas, sun kama shi, ko da mutum biyu kacal ya turo maka. Tsadar daga nan take. Naira 85,000 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar a Oktoban 2024 kuwa ta ma'aikatan jiha ce, sai dai ta ɗaga abin da kowane ma'aikaci a garin yake sa rai.

Sai a haɗa da abin da ya faru da naira. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Kwangilar da aka sa wa hannu a farkon 2023 a kan farashi tsayayye na shekara biyu ko uku, kafin ta yi rabi ta zama gawa. Ma'aikacin da ke kwana a Ikorodu ko Agege yana aiki a Lekki ya wayi gari kuɗin mota na cinye kaso mai tsoka na albashinsa. Sai ya fara makara, ya fara fashi, daga baya ya ɓace. Kamfani ya turo sabo, wanda bai san kowa ba, bai san wace mota ce ta gida ba. Mai wuri ya ce aikin kamfanin ya lalace. Gaskiya ne ya lalace, amma ba a ofishin kamfanin lalacewar ta fara ba.

"Ai ba yarona ba ne"

Wannan ita ce maganar da aka fi ji idan ma'aikacin kwantiragi ya ji rauni ko aka riƙe masa albashi. A ganina ita ce babbar rashin fahimta a duk wannan lamari.

Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago, wajen bayanin wane ne mai ɗaukar aiki, ya haɗa da wanda ya ɗauki mutum don ya yi wa wani aiki. Saboda haka kamfanin shi ne uban gida na farko a idon doka, kuma sashe na 7 ya ce ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Amma maganar ba ta tsaya nan ba. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke sauraren shari'ar aiki a matakin farko, kuma kotun kan leƙa bayan takarda ta ga yadda abin yake a zahiri. Wa ya yi masa intabiyu? Wa yake ba shi umarni kullum? Wa ya ce kada ya sake zuwa? Akwai shari'o'in da ta ce mai wurin da kamfanin duk iyayen gidansa ne, su haɗu su biya. Akwai kuma hukunce-hukuncen da suka tsaya a kan abin da kwangila ta ce. Tunda ba su tafi a layi ɗaya ba, wanda ya dogara da "ba yarona ba ne" caca yake yi.

Ko ba kotu ma, idan direban kwantiragi ya yi haɗari da tirelarka a hanyar Apapa, sunanka ne a jikin motar. Idan ya rasu aka gano ba a taɓa biyan NSITF ba, 'yan uwansa ba za su je neman wani ofishi a Ikeja ba, wurinka za su zo, kuma a cikin jama'armu da dattawa za su zo.

Abin da ke riƙe hulɗar

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ranar biya. Kamfani yana biyan albashi a ƙarshen wata, mai wuri kuma sai ya riƙe masa kuɗi kwana 60 ko 90. A tsakanin nan da me zai biya mutane? Da bashin banki, a lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. 'Yar ribar da ke cikin kwangilar a nan take narkewa. Kamfanin da ba ya son cin bashi sai ya jinkirta albashi, ko ya taɓa kuɗin fanshon da ya cire, alhali doka ta ba shi kwana 7 na aiki ne kawai ya tura su, da tarar da ba ta gaza kashi 2 ba a kowane wata idan ya saɓa. Mai wurin da ke biya kafin 25 ga wata ya sayi abin da babu wata yarjejeniya da za ta ba shi: duk ranar da ya buga waya za a ɗauka, kuma mafi nagartar ma'aikata wurinsa za a turo.

Na biyu, a rubuta tun farko yadda za a riƙa sake duba farashi. Kowace shekara, ko duk lokacin da gwamnati ta taɓa mafi ƙarancin albashi, wanda yanzu doka ta ce a riƙa dubawa bayan shekara uku maimakon biyar. A kuma raba kuɗin gida biyu a takarda: ga na ma'aikaci da haƙƙoƙinsa, ga ladan kamfani. Idan aka dunƙule su, duk ragin da ka nema daga bakin ma'aikaci za a cire shi, duk ƙarin da ka yi kuma ba ka da tabbacin ya isa gare shi. Idan aka raba, ciniki ya koma kan ladan kamfani kaɗai, inda ya dace ya tsaya.

Sai bincike. Yarda ba ta hana neman shaida. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana ba kamfanonin da ke zuba fansho takardar shaida duk shekara, NSITF ma haka. Harajin albashi kuwa hukumar harajin Jihar Legas ake biya, akwai rasit. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ka kira ɗaya daga cikin yaran, ka tambaye shi yaushe rabon da ya ga saƙon fansho a wayarsa. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma maganar baki biyu. Manajan sito ya ce wa yaro ya tsaya har ƙarfe goma, sufabaizan kamfani ya ce ba a biyan ƙarin lokaci. Matar oga ta aiki direban ofis kasuwa. Ƙaramin abu ne a ido, amma irinsa ne ke taruwa ya zama rigima. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya kamata ya riƙe hulɗar, su riƙa zama duk wata uku ko da babu matsala. A kuma yi magana a fili a kan ranar da za ka so ka mayar da wani yaron cikakken ma'aikacinka: bayan shekara nawa, kuma nawa za ka biya kamfanin da ya nemo shi ya horar da shi. Zare ma'aikaci ta bayan fage ya raba masu wuri da kamfanoni da yawa. Takardun yaran ma amana ce, lambar NIN da BVN da adireshi, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk wanda ya riƙe su.

Daɗewa ma tana da nata ciwon

Kada a ɗauka duk hulɗar da ta daɗe lafiyayya ce. Wata ta daɗe ne saboda manajan da ke kula da kwangilar yana da kasonsa a ciki. Wata saboda mai kamfanin suruki ne ko tsohon ma'aikacin gidan, ba mai iya ɗaga masa murya. A irin wannan ne ake samun sunayen bogi: ana biyan kuɗin masu gadi goma, bakwai ne a ƙasa. Maganinsa ba wai a riƙa canza kamfani duk shekara ba ne. A riƙa jin farashin kasuwa lokaci zuwa lokaci, a ƙirga mutane da ido, kuma wanda ke sa hannu a biya ya zama daban da wanda ke tabbatar da an yi aikin.

Idan kuma rabuwa ta zama dole, a san wa zai ɗauki asarar. Abin da aka saba gani shi ne a kori kamfani a bar yaran, su cire riga su sa wata, get ɗin dai shi ne. A Ingila doka tana mayar da ma'aikaci hannun sabon kamfani tare da shekarunsa. A Najeriya babu wannan. Sashe na 10 na Dokar Ƙwadago cewa ya yi ba a mayar da kwangilar ma'aikaci hannun wani sai da yardarsa da sa hannun jami'in ƙwadago, amma a aikace sallamarsa ake yi a sake ɗaukarsa sabo fil. Wanda ya shekara biyar, da doka ta ba shi notis na wata guda, ya koma wanda kwana ɗaya ya isa a sallame shi a watanni ukun farko. Kuɗin sallama, idan akwai shi a yarjejeniyar, sau da yawa yana tafiya da tsohon kamfanin. Mai wuri na iya hana wannan da sharaɗi ɗaya: ba zai saki kuɗin ƙarshe ba sai ya ga shaidar an biya kowa haƙƙinsa.

Me 'yan ƙwadago ke cewa?

Ƙungiyoyin NLC da TUC, da na ma'aikatan mai irin su NUPENG da PENGASSAN, sun daɗe suna kallon tsarin a matsayin hanyar guje wa haƙƙin ma'aikaci da karya ƙungiya: mutum biyu a teburi ɗaya, aiki ɗaya, albashi kamar sama da ƙasa. Matsin lambarsu ne ya sa Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idojin aikin kwantiragi na ɓangaren mai da iskar gas a 2011. Masu ɗaukar aiki, waɗanda ƙungiyarsu ta NECA ke magana da yawunsu, suna cewa ba laifi ba ne kamfani ya tsaya kan abin da ya iya ya bar wa wasu gadi da shara, matsalar 'yan bogi ce. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai hujjar 'yan ƙwadago ta fi ƙarfi a inda aikin kwantiragi ya zama na dindindin, mutum ya shekara goma yana ƙirga kuɗi a banki ba ƙarin girma. A 2023 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda asalin ƙa'idarta shi ne kada kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki. Duk wanda ya san ejan na Legas ya san har yanzu ana karɓar kuɗin fom, wani ma rabin albashin watan farko yake ɗauka.

Ina ɗan Arewa a ciki?

Ta fuska biyu abin ya shafe mu. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja, Apapa, Surulere da Eti-Osa, matasanmu da yawa suka koma neman gadi, dako da tuƙi. A lokaci guda kuma rukunin gidaje da masana'antu suna ta barin ɗaukar maigadi kai tsaye suna komawa kamfani. Kamfani kuwa yana neman NIN, asusun banki, garanto mai adireshi a Legas, wani lokacin da takardar sakandare. Yaron da ya zo daga Jigawa ko Zamfara da amana kaɗai, a nan ake barinsa a baya. Shugabannin Hausawa na unguwanni da na kasuwanni suna da abin da kamfanonin nan ke nema ruwa a jallo, wato sanin wane ne wane da ɗan gidan wa. Da za su ƙulla yarjejeniya a rubuce da 'yan kamfanoni masu lasisi, su tsaya wa yara, su kuma sa ido a kan albashi da fansho, da an rage wa ejan kasuwa.

Ga mai dukiya kuma, ba kowane aiki ake miƙa wa kamfani ba. Wanda ke riƙe makullin sito, da mai karɓar kuɗi, da yaron da kake shirin sallama da jari wata rana, waɗannan naka ne, tsarinmu na gida ya fi dacewa da su. Gadi, shara, tuƙin motocin da suka yi yawa, da lissafin albashi da haraji idan ma'aikata sun haura 15, a nan kamfani ke da amfani, musamman yanzu da sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka canza yadda ake cire harajin albashi, har naira 800,000 na farko a shekara suka zama babu haraji a kansu. Kafin ka sa hannu, ka nemi a rubuta maka nawa ne zai shiga asusun yaron a ƙarshen wata, ka kuma ajiye kwafin takardar inda shi ma zai iya gani.